Ranar da Aka Sauya wa Kwamfutata Ƙwaƙwalwa

A shekarun da tattalin arziki ya durƙushe aka yi ta rufe ofisoshi, ni ma aka sallame ni daga aikin sakatariya a wani kamfani kusa da tashar jiragen ruwa. Na kafa tebur a zauren gidanmu a unguwar New Bell ta birnin Douala, ina buga wa mutane takardun neman aiki da Faransanci. Kwamfutata tsohuwa ce, yayana ya samo ta cikin gwanjon Turai. In na kunna ta da safe, har in tafasa shayi in dawo ba ta gama farkawa ba.

Wata Asabar da hantsi, ana yayyafi, Yaya ya zo da abokinsa, wani Bafulatanin Garwa mai gyaran talabijin. Yaya ya warware hankici ya nuna mana wani abu mai kusurwa huɗu, bai cika tafin hannu ba, cikinsa jere da ƙananan ƙafafu masu ruwan zinariya.

"Processeur ke nan, ƙanwata, ƙwaƙwalwar kwamfuta," in ji shi. "Na cikin taki saba'in da biyar ne. Wannan ɗari da talatin da uku."

Babanmu, wanda ya tsufa a fataucin goro, yana zaune a bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗari da talatin da uku na mene ne?"

"Na bugu, Baba. Miliyan-miliyan, a daƙiƙa guda."

Baba ya jawo kujerarsa kusa.

Mai gyaran ya buɗe akwatin kwamfutar, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe ya zare tsohon, ya saki sabon a gurbinsa ya zauna daram. Ya ɗaura masa 'yar fanka saboda zafin Douala. Aka kunna. Allon ya tsaya baƙi ƙirin, na miƙe zumbur.

"Doucement, a hankali," in ji mai gyaran, yana murmushi. "Ba mu gaya mata saurin baƙon ba." Ya sa hantsaki ya matsar da wasu 'yan huluna baƙaƙe kamar ƙwayar shinkafa a cikin akwatin.

Wannan karon ta yi ƙara sau ɗaya ta tashi. Na danna wata doguwar takarda, kafin in ɗauke yatsa ta bayyana. Na rufe na sake buɗewa har sau uku.

Baba ya karɓi tsohon, ya jujjuya shi, ya kara a kunne.

"Ba na jin komai yana motsi."

"Babu abin da ke motsi a ciki, Baba. Asalinsa ma yashi ne aka tace," in ji Yaya.

"Yashi? Irin na bakin kogin Wouri?"

"Irinsa."

Baba ya sake duban abin a tafin hannunsa. Can ya ce, "Allah buwayi gagara misali." Ya nemi a bar masa shi. Da la'asar na hango shi a ƙofar masallaci, dattawa sun kewaye shi, abin yana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na karɓa da hannu biyu.