Golan da Saje Barau Yake Jira

Wata rana, wata Asabar da hantsi, wani dattijo ya faka tirelarsa nesa kaɗan da ƙofar Sakandaren Gwamnati ta Tudun Marke, ya kashe injin, amma ya kasa saukowa.

Sallau sunansa. Shekararsa talatin da takwas rabonsa da garin nan.

Ba wai hanya ce ba ta biyowa da shi ba. Direba ne, kullum yana kan titi. Amma duk sanda kaya suka biyo da shi ta Tudun Marke, gara ya yi zagayen awa biyu ta hanyar da ramuka suka cinye, da ya ga katangar makarantar nan.

A wannan Asabar ɗin makarantar take bikin cika shekara sittin. A rediyon motarsa ya ji sanarwar, kuma a ciki aka ce a sa Saje Barau a addu'a, jiki ya yi rauni.

Sallau ya ɗauka Saje ya daɗe da rasuwa.

Don haka ba biki ya kawo shi ba. Ya zo ne ya durƙusa gaban mutum ɗaya ya ce a yafe masa, tun kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu.

Wanda bai san Tudun Marke ba, bari ya ji.

Da aji biyu aka buɗe makarantar, ofishin firinsifal kuwa gindin tsamiya ne. Ba ta taɓa yin suna wajen gine-gine ba, har gobe rufin ajin ƙarshe yana yoyo. Abu biyu take taƙama da su: ƙwallo da badujala.

Badujalar nan, wato gangunan fareti da begila, a hannun Saje Barau take. Tsohon soja ne, siriri, mai faɗan tsiya. Ba ya koyar da darasin komai, amma hatta firinsifal sai ya gyara tsayuwa idan ya hango shi.

Shi ya kafa wata al'ada da baƙi suke yi wa dariya.

Idan 'yan ƙwallon makarantar suka ci wasa, ko sanda ɗaya ba a ɗorawa a kan ganga. Idan kuwa aka ci su, sai 'yan wasa sha ɗayan su yi sahu, badujala ta shige gaba, a rako su da kiɗa tun daga fili, a ratsa tsakiyar kasuwa, har ƙofar makaranta. Kuma kowa kansa a ɗage.

Saje cewa yake wanda ya ci wasa duk gari ne 'yan rakiyarsa, wanda aka ci ne ba shi da kowa.

Sharaɗi ɗaya ne: sai sha ɗayan sun cika a sahu.

Sallau maraya ne. Yana aji ɗaya ya shiga badujala, don ya ji ana ba su shayi ranar fareti. Aka ba shi begila. Duk sanda ya busa, sai ka rantse akuya aka take wa wutsiya.

Wata rana haushi ya ishi Saje, ya wurgo masa sandar ganga daga nesa. Sallau ya cafe ta da hannu ɗaya.

Saje ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓe begilar, ya ja shi har filin ƙwallo ya tsayar da shi a raga.

Daga ranar ya zama gola, kuma ya zama ɗan gidan Saje. Can yake hutu, can yake cin tuwon sallah. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, Saje ne ya goya shi a keke zuwa asibiti, yana tuƙi yana yi masa faɗa.

Sai shekararsa ta ƙarshe ta zo.

Sau uku makarantar tana zuwa wasan ƙarshe na kofin makarantun jiha, sau uku ana kora ta gida hannu rabbana. A karo na huɗu aka kawo wasan filin Tudun Marke. Kasuwa ta watse, masu shago suka rufe, har bishiyoyin gefen fili sai da suka cika da mutane.

Saura minti biyu a tashi, babu wanda ya ci wani.

Aka bugo wata ƙwallo marar ƙarfi, irin wadda ko yaron goye zai tare. Sallau ya sunkuya zai ɗauka.

Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta gangara a hankali, ta kwanta a raga.



Da alƙalin wasa ya busa tashi, Sallau ya hango 'yan badujala suna saɓa ganguna. Ya tuna kasuwa. Ya tuna yadda kowa zai nuna shi da baki. Ya tuna idon Saje.

Sai ya bi ta bayan raga, ya haura katanga, ya nufi tasha da rigar wasa a jikinsa.

Bai zauna jarrabawar fita ba. Bai koma ya ɗauki akwatinsa ba. Ya zama yaron mota, ya zama direba, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya. Ko a talabijin aka sa ƙwallo, tashi yake ya bar wurin.

Duk shekarun nan abu ɗaya yake faɗa wa kansa: ya kunyata mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa, kuma da wane ido zai dube shi?

To yau ga shi ya sauko daga mota.

Cikin makaranta an kafa rumfuna, ana ta jawabai. 'Yan badujala na yanzu suna gefe da ganguna masu faci. Sallau ya raɓe a bayan taro, yana fatan kada kowa ya gane shi.

Sai ya ji an dafa kafaɗarsa.

Tanimu ne, wanda yake riƙe da babbar ganga a zamaninsu. Yanzu shi ne mataimakin firinsifal, ga furfura, ga tumbi.

Suka rungume juna. Sallau ya fara kame-kame, yana cewa ƙwallon nan har yau tana hana shi sukuni.

Tanimu ya ce, "Wace ƙwallo? Kai Sallau, bayan taka an zura mana ɗari. Ba wanda ya riƙe ka da ƙwallo. Tsayuwar da ka sa muka yi ce ba mu manta ba."

Sallau bai gane ba. Tanimu ya ci gaba:

"Mun yi sahu, aka ƙirga, mutum goma. Saje ya ce a jira gola. Firinsifal ya ce a sa ɗan benci ya cike, Saje ya ce ba ɗan benci aka ci ba. Muna tsaye ganga a wuyana har aka kira magariba. Haka muka koma, shiru, kamar masu dawowa daga maƙabarta. Tun da aka kafa badujala, ranar ce kaɗai aka ci mu ba a yi kiɗa ba."

Shi Sallau duk zamansa ya ɗauka sun yi tafiyarsu. Bai taɓa kawowa a ransa cewa an tsaya dominsa ba.

Tanimu ya ce washegari Saje ya hau keke ya bi tasha-tasha yana cigiya. Ya yi wata guda yana yi.

Sallau ya ce, "Kai ni wurinsa."

Tanimu ya ce, "Zan kai ka. Amma ka daure, tsufa ya taɓa tunaninsa. 'Ya'yansa ma ba kullum yake gane su ba."

Gidan yana nan inda yake, bayan masallacin Juma'a. Suka tarar da Saje a zaure kan tabarma, an jingina shi da bango. Mutumin da muryarsa take tsayar da ɗalibi ɗari biyar ya koma ɗan ƙanƙani, kamar a ɗauke shi da hannu ɗaya.

Sallau ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kama hannunsa.

Maganar da ya shekara talatin da takwas yana shiryawa a bakin sitiyari, duk ta gudu.

Da ƙyar ya ce, "Baba, ni ne Sallau. Na zo ka yafe mini."

Saje ya ɗago ido ya dube shi sama da ƙasa.

"Daga fili kake?"

"Daga fili nake, Baba."

"Sun cika sha ɗaya?"

Sallau ya ce, "Sun cika. Golan ne a gabanka. Ni ne."

Tsohon ya girgiza kai, har da ɗan murmushi.

"A'a, Alhaji. Golana yaro ne. Kai ai ka girme shi nesa. Amma tunda mota gare ka, don Allah ka duba mini tasha. Bai ci komai ba tun safe. Idan ka gan shi ka ce ban yi fushi ba, ya zo mu tafi gida."

Jama'a, namiji ya yi kuka a zauren nan.

Sallau ya kifa goshinsa a kan hannun tsohon. Saje kuwa sai bubbuga bayansa yake, yana ba shi haƙuri, yana cewa kada ya damu, za a ga yaron.

Ya sake gwadawa. Ya ambaci begila, ya ambaci keke da asibiti, ya faɗi sunan marigayiya matar Saje da irin miyar da take yi. Tsohon yana ta gyaɗa kai cikin jin daɗi.

Can ya ce, "Ashe ka san shi sosai."

Sallau ya kwana uku a garin. Kullum da safe sai ya je ya gaishe shi, kullum sai Saje ya karɓe shi hannu biyu a matsayin baƙo, ya tambaye shi ko an dace.

A rana ta uku, da zai yi sallama, Sallau ya daina cewa shi ne.

Ya ce, "Baba, na gan shi. Na faɗa masa saƙonka."

Idon tsohon ya yi haske. "Me ya ce?"

"Ya ce ya gode. Ya ce yana nan tafe."

Saje ya ce, "Madalla. To a ce wa yara kada su sauke ganguna."

Bayan kwana goma sha biyu, Sallau yana kan hanyar Lakwaja da lodin siminti, Tanimu ya kira shi a waya. Allah Ya yi wa Saje Barau rasuwa bayan sallar azahar.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

An yafe masa tun ranar da abin ya faru. Shi ne bai tsaya ya ji ba. Da ya zo ji kuma, mai yafewar ya riga ya manta fuskarsa.

Darasi:

Sau da yawa ba kuskurenmu ne yake raba mu da mutane ba, gudun da muke yi bayan kuskuren ne.

Kana can kana yanke wa kanka hukunci, kana cewa ba ka da idon da za ka dubi wane. Shi kuwa wanen yana tsaye inda ka bar shi, ba abin da yake so illa ya ga ka dawo lafiya.

Kunya ba laifi ba ce. Amma idan ta hana ka taka ƙofar wanda ya riƙe ka, ta cuce ka, ta cuce shi.

Idan akwai malami, ko uba, ko aboki da kake zagaye wa hanya, je ka yau, tun yana iya gane muryarka.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya sa aljanna ce makomarsu.

Ka tura wannan labari zuwa zauren 'yan ajinku. Wataƙila akwai wanda ya daɗe da yin shiru a cikinku, ba don ya manta da ku ba, sai don yana ganin ba a son ganinsa.