Yadda Anti Kwalba Ta Kwashe Fayil Dubu Arba'in

Shekararta goma sha tara lokacin da aka ɗauke ta aiki a ɗakin gwajin ruwa, kuma aikin da aka ba ta shi ne wanke kwalabe. Daga rijiyoyi da famfunan burtsatse da tankunan makarantu ake kawo ruwa cikin 'yan kwalabe masu jan murfi, a gwada a ga ko zai shawu. In an gama sai a turo mata su a kwando, ta wanke da sabulu, ta ɗauraye sau uku, ta jera su a tukunyar turarawa. Can ta samo sunan da ya bi ta har yau. Da farko 'Yar Kwalba ake ce mata, da girma ya fara kamawa aka koma Anti Kwalba. 'Ya'yanta ma in suna jin tsokana haka suke kiranta daga bakin ƙofa, su arce kafin ta lalubo takalmi.

Tana wata na uku a wurin wani tsohon ma'aikaci da ake kira Malam Tabarau ya ga tana leƙen madubin da yake duba ruwa da shi. Ya matsa mata ya ce ta sa ido. Ta sa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Wasu halittu ne ke kai da kawo a ciki, wani na juyi kamar mazari, wani na jan jiki, wani ya tsaya cak sai gashin jikinsa ke kaɗawa.

"Malam, duk wannan a ɗigo ɗaya?"

"A rabin ɗigo ma, 'yata."

Kwana biyu ta yi ba ta iya shan ruwa sai ta ɗaga kofin ta hanga. Daga ranar kuma ta zama mai tambaya, har Malam Tabarau ya ce da ana biyan kuɗin amsa da tuni ya yi gida.

Rubutunta mai kyau ne, don haka aka fara ba ta rubuta lambobin jikin kwalabe, daga nan rajista, daga nan makullin kabad ɗin takardu. Ta yi aure da wani direban motar kai saƙonni, ta haifi huɗu, tana nan a kujerarta ta kusa da taga. Da kwamfuta ta shigo ofis, sa'o'inta suka ja da baya, kowa na cewa idonsa ba ya so. Ita kuwa ta jawo kujera ta zauna tana danna haruffa da yatsu biyu, kamar kaza na tsintar tsaba. Shekara ba ta zagayo ba sai ga shi duk wanda firinta ta ƙi masa, ita yake kira.

Manhajar da ɗakin ke aiki da ita tana riƙe da tarihin kowace kwalba: daga ina ruwan ya fito, wa ya kawo, me aka samu. Kowane gwaji kuma ana liƙa masa hotunan da aka ɗauka ta madubi, da hoton rijiyar, da takardar sakamako mai sa hannu. Duk wannan kaya a cikin manhajar ake cusa shi. Shekara goma sha ɗaya ana cusawa, har ta yi nauyi ta koma tafiyar hawainiya. Ka danna gwaji ɗaya, ka je ka haɗa shayi ka dawo, tana nan tana juya 'yar da'irarta. Mutumin da ya kafa ta kuwa ya daɗe da barin aikin, littafin bayani kawai ya bari a durowa, mai kauri kamar bulo.

Shugaban ɗakin, wanda kowa ke kira Dakta, ya gaji ya buga wa Injiniya waya. Injiniya shi ke kula da babbar kwamfutar da suke kira saba, wadda sassa shida na ma'aikatar ke ajiya a cikinta: masu gwajin ƙasa, masu gwajin iri, ofishin ma'aikata da sauransu. Mutum ne siriri marar yawan magana, waya biyu a aljihu, kowace na ringi. Ya zo ya duba bai zauna ba.

"Dakta, kun mai da manhajar nan rumbu. Hotunan nan ba cikinta ya kamata su zauna ba. A fitar da su waje, ita ta riƙe adireshinsu kawai. Zan ba ku wuri a saba, zan ba ku makulli. Amma ni ba na taɓa manhajar kowa, in na taɓa ta wani yau, gobe shida ne a kaina."

Dakta ya dubi ma'aikatansa, masu digiri biyu-biyu, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Anti Kwalba na bakin ƙofa da kwandon fayil a hannu.

"Dakta, a ba ni littafin in duba."

"Anti, wannan fa ba firinta ba ce."

"Na sani, ranka ya daɗe. In na kasa ai sai in ce na kasa."

Mako biyu tana tafiya gida da littafin a jaka. Bayan la'asar in ta sauke tukunya sai ta zauna a tabarma da shi da fensir, babbar 'yarta na gefe tana fassara mata kalmomin da suka gagara. Shafi tara ne kacal suka shafi aikin, amma sai da ta karanta su har gefensu ya yi baƙi. Maigidan ya dawo ya same ta tana motsa baki, ya ce, "To, Farfesa, yau ma jarrabawa za mu ci ko akwai abinci?"

Kafin ta fara sai ta roƙi Injiniya abu ɗaya: tana so ta ga inda za ta kai kayan. Ya yi mamaki, don ba wanda ya taɓa roƙonsa haka. Ya ja ta suka tsallaka tsakar ma'aikatar zuwa ɗayan ginin, ya buɗe wata ƙofar ƙarfe da kati. Sanyi ya doki fuskarta. A zuciyarta ta ɗauka za ta ga injin da ya cika ɗaki. Sai ga wani baƙin kabad, a cikinsa wani abu shimfiɗaɗɗe da bai fi akwatin tafiya ba, 'yan fitilu koraye na ƙiftawa a jikinsa, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa.

"Ina sauran?" in ji ta.

"Shi ke nan."

"Takardun ma'aikata ɗari uku, da na masu ƙasa, da na masu iri, duk a nan?"

"Duk a nan, kuma bai kai rabi ba."

Ta tuna kabad goma sha biyu da ta yi shekaru tana kakkaɓe wa ƙura, da bayanta da ya sha ciwo wajen jawo durowar ƙasa. Ta kai hannu kusa da abin ba ta taɓa ba, ta ji iska mai ɗumi na fitowa ta gefensa kamar numfashi.

"Injiniya, to ta yaya bai ruɗa na wani da na wani?"

Nan ne ya fara sakin jiki da ita. Ya nuna mata a allo yadda kowane sashe ke da foldarsa da iyakar abin da zai iya zubawa, don kada wani ya cinye wa wani wuri. Ya buɗe wa ɗakin ruwa tasu, ya sa sunayen ma'aikatansu su tara a matsayin masu izinin shiga. Sauran sassan ko ganinta ba za su yi ba. Ta ce a hana kowa gogewa, har ita, a bar izinin ƙarawa da dubawa kawai.

"Har ke, Anti?"

"Ni ma yatsa gare ni, yana zamewa."

Don ya sauƙaƙa mata, ya sa wa foldar gajeriyar hanya a kwamfutarta, harafi ɗaya, R. Da ta danna R sai ta gan ta a ciki.

Ranar Alhamis da safe ta fara. Ta kwafi manhajar gaba ɗaya ta adana tukuna, kamar yadda littafin ya ce. Ta shiga wurin saiti, ta sauya ma'ajiya daga ciki zuwa waje, a gurbin adireshi ta rubuta R da sunan foldar. Ta gwada da hoto guda, ya tafi, ta kira shi ya dawo. Sannan ta yi bisimilla ta danna kwashewa.

Lambobi suka fara gudu a allo. Ɗari, ɗari biyar, dubu. Sunayen fayil na wucewa da sauri, amma idonta na kama wasu: rijiyar makarantar nan da aka rufe, burtsatsen da ya yi gishiri, tankin asibitin yara da suka gwada sau bakwai kafin ya gyaru. Kwalaben wasu ita ta wanke, lambar wasu da hannunta ta rubuta. Ga su nan suna bi ta wata siririyar waya a ƙarƙashin tsakar ma'aikata, mutane na takawa ta kai ba su san ana kwashe aikin shekara goma sha ɗaya a ƙasan takalmansu ba. Ta leƙa ta taga ta dubi wurin, ba komai sai wata mota da ake wankewa.

Sai Asabar da azahar aka gama, ta shigo musamman don ta gani. Dubu arba'in da ɗari biyu da shida a tsohon wuri, dubu arba'in da ɗari biyu da uku a sabo. Uku sun maƙale. Ta bi sawunsu ta gano sunayensu ne suka yi tsawo, wani ya rubuta kusan labarin rijiyar duka a matsayin suna. Ta gajarta su, suka wuce. Ta koma gida ranta fes.

Litinin ƙarfe tara ba ta yi ba ɗakin ya ɗauki hayaniya. Duk wanda ya danna hoto sai manhaja ta ce ba a sami fayil ba. Kwamfuta takwas, amsa ɗaya. Dakta ya fito da takarda a hannu, muryarsa ƙasa-ƙasa, abin da ya fi tsawarsa tsoratarwa.

"Anti, ina hotunanmu?"

"Suna nan, ranka ya daɗe." Ta danna a tata, hoton ya buɗe nan take.

"To me ya sa a wurinki kaɗai?"

Ta sake bin shafuka taran nan layi-layi, ba ta ga inda ta kauce ba. Injiniya kuma yana wani taro a wajen ma'aikata, wayoyinsa biyu duk a kashe.

Da rana maigidanta ya biyo da mota zai kai saƙo unguwar, ya tsaya bakin get kamar yadda ya saba in hanya ta biyo da shi. Ya ga fuskarta ya kashe mota. Ta ba shi labari a tsaye, ba don tana zaton zai gane ba, sai don ta rage nauyin ƙirjinta.

"Tsaya," in ji shi. "R ɗin nan, kowa ya san shi ko ke kaɗai?"

"Injiniya ne ya sa min a tawa."

Ya yi dariya har da dukan sitiyari. "Ai irinku ne ke wahalar da mu. Mutum ya ba ka kwali ya rubuta 'gidan da ke bayan namu'. Shi ya san bayan nasu, ni da na zo daga nesa ina zan nufa? Ki rubuta unguwa da layi da lamba mana."

Ta tsaya tana kallonsa. Shekara ashirin da huɗu suna tare, ko wayarsa ita ke saita masa. Ba ta ko yi masa sallama ba ta juya da sauri, yana kiranta ta karɓi lemon da ya sayo mata.

A wata takarda da Injiniya ya ba ta ranar da ya buɗe musu folda akwai wani dogon layi da ta ɗauka nasa ne na aiki: sunan sabar, sunan sashe, sunan folda, da 'yan sanduna a tsakani. Ta goge R, ta kwafe layin harafi bayan harafi, ta karanta shi daga ƙarshe zuwa farko don ta tabbata. Ta ce wa ta kusa da ita, "Ƙanwata, rufe manhajar ki sake buɗewa."

Yarinyar ta danna, hoton ya fito kafin ta ɗauke yatsa. Na gaba da ita ya gwada, shi ma haka. Ɗakin ya cika da ƙarar danne-danne, kowa na buɗe tsofaffin gwaje-gwaje don kawai ya ga sun buɗe. Dakta ya zauna a kujerar wani, ya kira wani gwaji na shekara tara baya, ya rufe, ya sake kira. Ya cire tabarau ya dube ta ya daɗe.

"Anti, wa ya gano miki?"

"Baban yara, ranka ya daɗe. Direba ne."

Dakta ya girgiza kai yana murmushi.

Da Injiniya ya dawo ta gaya masa komai, har kuskurenta, ba ta rage ba. Ya ce laifinsa ne da bai faɗa mata harafin na kwamfutarta ne kaɗai ba. Ta ce a'a, takardar na hannunta, ita ce ba ta tambaya ba. Ya ƙara foldar cikin waɗanda ake kwafewa kullum don ko-ta-kwana, ita kuma ta rubuta duk matakan a takarda biyu da kyakkyawan rubutun nan nata, ta liƙa a cikin murfin kabad, da jan biro a ƙarƙashin wurin adireshi.

Bayan wata biyu manhajar masu gwajin ƙasa ta fara irin wannan ciwo. Shugabansu ya kira Injiniya, Injiniya ya ce shi ba ya taɓa manhajar kowa, amma su je ɗakin ruwa su nemi Anti. Wata safiya sai ga mutum uku da kwat a bakin ƙofa suna tambayar wace ce injiniyar da ake kira Anti. Aka nuna musu ita tana tsaye a wurin famfo, ta naɗe hannun riga, don mai wankin kwalabe na hutun haihuwa kuma ba ta yarda da ɗaurayar kowa ba.

Ta ce su ba ta minti goma ta sa waɗannan a tukunya. Suka zauna a benci suka jira.