Motar Baba Ranar da Maciji Ya Sari Yayata

Tun rasuwar babanmu ba wanda ya sake taɓa motarsa. Tana nan bayan rumbu a ƙauyenmu kusa da Kiéché, damina ta wuce a kanta, kaji na kwana ƙarƙashinta. Na zo hutu daga Dogon Dutsi lokacin girbi. Rannan da hantsi aka shigo da yayata bisa amalanke, kububuwa ta sare ta a ƙafa tana roron wake.

Babu wata mota a garin, masu babura duk sun tafi cin kasuwa. Inna ta miƙo mini makullin motar.

"Ɗan nan, tada ta."

Na murɗa, shiru. Batir ya mutu. Maƙwabcinmu ya ciro wanda yake kunna fitila da shi, muka haɗa. Injin ya yi gurnani, ya ƙi kamawa. Na kwance buji, wato fulogi, na iske su baƙi ƙirin, na kankare da wuƙa. Na sake murɗawa. Banza.

Daga inuwar da aka kwantar da ita yayata ta kira ni. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, da ta buɗe baki na ga jini a dasashinta.

"Mi ya hana ta tashi?"

"Yanzu za ta tashi, Yaya," na ce, ban kuwa san ko gaskiya na faɗa ba. Sifana ta yi ta suɓuce mini.

Na cire tiyon mai na zuƙa. Abin da ya zo bakina ja ne, mai tsami; esansin, wato fetur, ya lalace da zama. Muka tsiyaye tanki, aka kawo sabo cikin kwalabe, na ɗiga kaɗan a karbirato. Kafin nan batirin aro ya raunana, sai turi. Maza suka dafa motar cikin rairayi suna salati, muka kai gangaren rijiya, na saki kuloci. Ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar bindiga, ta kama.

Aka saka yayata a ciki, muka nufi asibiti. Duk hanya ban ɗaga ƙafata daga totur ba, don tsoron kada motar ta mutu. Inna na baya, tana kiran sunan yayata, ni kuma ina kasa kunne in ji ko ta amsa.

A asibiti aka yi mata allurar dafi. Ta daɗe kwance, ta rasa ɗan yatsan ƙafa guda, amma da ƙafafunta ta dawo gida.