Ni Na Tsaya a Tsakar Gida Na Ce Su Sa Lambobinsu

Ni ba mace ba ce da ake wa wasa. Ban yi boko ba, wannan ma maƙwabciyata ce ke rubuta min. A lokacin ina da ɗakunan haya takwas a Mubi, duk 'yan mata ɗalibai, kuma ko kaza ba ta shiga gidan ban san mai ita ba. Iyaye daga Bahuli da Uba saboda wannan halin suke kawo min 'ya'yansu. Da na ga yaran na fita neman sabis a bakin titi, sai na sa wani mai gyaran waya, magidanci da furfurarsa, ya haɗa min akwatin wayifai mai ba su sabis kyauta don su zauna a gida.

To sun zauna, amma sai na ga ƙofar da nake gadi ta koma cikin waya. Akwai wata 'yar garin Sahuda, uwarta ta damƙa min ita hannu da hannu, kullum tana kallon waya tana murmushi. Na kai wa mai gyaran kukana. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, tunda akwatin nawa ne duk abin da ya bi ta ciki ina da hakkin gani. Zai sa wani shafi ya riƙa tare su, ya ce su sake sa lambobin sirrinsu na hira kafin sabis ya buɗe. Wasu suka yi shakka. Ni na tsaya a tsakar gida na ce wadda ba ta sa ba ta kwashe kayanta. Suka sa, don tsorona suke ji.

Abin da ya kawo min kuwa, hirar 'yar Sahudan ce da yayanta da ke soja. Na ji kunya na bar maganar. Shi bai bari ba. Bayan sati uku yarinyar ta daina cin abinci, waya na ƙara sai ta zabura. Ran nan ina tsince wake ta durƙusa gabana, ta ce wani ya kwashe hotunanta na ɗaki, ya ce ta same shi ko ya tura wa babanta da mutanen cocinsu. Ta ce ni kaɗai ta yarda da ni. Wallahi nan take na gane mai gyaran wayar ne.

Na same shi a shago da rana tsaka. Ya yi dariya, ya ce Mama in an kama shi tare za mu tafi, ai ni na ba da umarni. Kwana biyu ina juya wannan magana, ina tsoron ofishin 'yan sanda, ina tsoron bakin unguwa. A na uku na hau keke napep zuwa Sahuda, na sami uwarta a gonar gyaɗa na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, ta dai tambaye ni me 'yarta ta yi min. Muka kai ƙara, kafin a je ya rufe shago ya gudu da wayarsa. Yarinyar ta gama karatu a wani gida. Hotunan har yau suna hannunsa, ban san inda yake ba.

Iyaye mata masu sa ido irina, ku ji. Akwatin naki ne, amma abin da ke bi ta ciki amanar mutane ce. Duk wanda ya ce zai leƙa miki sirrin wani, shi zai fara gani kafin ke, kuma ba ki da ikon rufe masa ido. Shekara ashirin ina gadin ƙofa, ashe ɓarawon da hannuna zan shigo da shi.