Hancin Yaya

Yayana direba ne tun kafin in iya ɗaura ɗankwali. Motar tasa ce, kuma da ita yake ci da sha: kullum da safe yana kwasar wasu malaman jinya zuwa asibitin da suke aiki, da yamma ya maido su. A duniya abu biyu ne bai taɓa yi ba, gudun wuce sa'a da kuma cewa "na yi kuskure".

Shekarun baya wata muguwar mura ta kama shi, da za ta tafi ta tafi da hancinsa. Ko mushen ɓera ka kai masa, sai ya gyaɗa kai ya tambaye ka inda ka sayi turaren. Amma a bakinsa lafiyar hancinsa ƙalau, mu ne dai muke da tsirfa. Matarsa ce ta rufa masa asiri. Kowace safiya kafin ya fita sai ta shiga motar ta zauna a kujerar gaba ta rufe ƙofa, ya kunna mata esi, wato na'urar sanyin motar, ta shinshina ta yanke hukunci. In ta ce a wanke, sai a wanke, shi kuma ya sanar da mu cewa dama ya yi niyya.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Da damina ta kankama, motar ta fara wani irin wari, kamar safar da aka jiƙa aka manta a bokiti. Da an kunna esi sai ya buso maka a fuska. Malaman jinya, mutanen da suka saba da warin ɗakin marasa lafiya, su ne suka koma sauke gilashi ana tsuga ruwa. Yaya ya ce ai mutanen yanzu ba su da juriya. Ya sayo 'yan turarukan nan na ratayewa ya jera a madubi, sai safar ta zama mai kwalliya.

Ɗaya daga cikin malaman jinyar ta koma hawa bas. Babbarsu ta kira ni a waya, don ta san ni kaɗai nake iya masa, ta ce suna jin nauyinsa, amma in wata ya ƙare ba a gyara ba za su nemi wani direban. Raina ya ɓaci sosai. Mutum mai shekarunsa, in ya rasa su, layin tasha zai koma yana kokawa da samari?

Na tasa shi gaba har garejin mai gyaran esi. Mai gyaran ya zura kai cikin motar, ya fito da shi da sauri. Ya buɗe akwatin gaba ya zaro filta mai tace iska, baƙi ƙirin, har da busassun ganye. Ya shiga ƙarƙashi ya zungure tiyon da ruwan esi ke bi ya zube, sai ga baƙin ruwa yana tsiyaya. Ya ce tiyon ne ya toshe, ruwa ya kwanta a ciki, fumfuna ta samu gidan haya kyauta. Ya sa sabon filta, ya fesa kumfa a hanyar iska, ya ce daga yau in an kusa isa a kashe esi a bar fanka ta busar da ciki.

"Wannan ai na sani tun kana rarrafe," in ji Yaya.

"To madalla, Baba. Saura kujeru da kafet, sun sha warin. Sai an wanke su da sabulu."

"A wanke na baya. Ta gaba a bar ta."

Na ce, "Yaya, ita ta gaban alwala take yi kullum, ko me?"

Ya ce ba ta da datti. Mutumin da rabonsa da jin wari har ya manta, shi ne yake ba kujera shaidar tsafta. Na balbale shi a gaban mutane, na ce in yana so ya zauna gida yana gadin kujera ga hanya nan, ni ba zan ciyar da ƙaton da ya kori abincinsa da taurin kai ba. Ya juya ya nufi benci. Mai gyara ya ɗauki hakan a matsayin izini ya jawo bokiti.

Muka zauna a benci har kujerun suka sha rana. Sannan Yaya ya buɗe mini ƙofar gaba, ya zagaya ya tada mota, ya kunna esi.

"Shinshina mini," ya ce, bai kalle ni ba.

Na ja iska. "Fes. Gobe har wadda ta gudu sai ta dawo."

"Babu warin komai?"

"Sai sabulu."

Ya ɗora hannu a kan sitiyari, ya daɗe bai sa giya ba.

"Turaren marigayiya fa?" ya ce. "Da kika shigo ɗazu, kafin a wanke, akwai saura?"