Ƙwallon Baba a Kan Shara

Da na sauko daga bas ɗin makaranta, abin da na fara gani shi ne ƙwallonsa mai siffar ƙwai a kan tulin shara. Ɗansa ne ya zo kwashe gidan, shekara guda bayan rasuwarsa.

Maƙwabcinmu ne a unguwar Glenwood, tsohon Bature da ya ci abinci da wasan zari-ruga a Ingila. Baba nake kiransa. Kunnuwansa sun nannaɗe kamar kauɗa, rigarsa kullum ƙamshin man zafi.

Ranar da 'yan ajinmu suka kwaikwayi maganata har na dawo da kuka, bai lallashe ni ba. Ƙwallon ya jefo mini a ƙirji.

"A wasanmu, wanda aka kayar shi ke miƙewa ya tura ƙwallo da ƙafarsa," in ji shi. "Babu mai ɗaga ki. Tashi."

Allah Ya ba shi hutu. Ni da gaisuwa ma ke yi wa wuya, ganin ƙwallon a kan shara ya sa na tsallaka titi.

"Ke! Ina za ki?" in ji Mama.

Ban waiga ba. Na tsaya gaban ɗan nasa.

"Don Allah ka ba ni ƙwallon nan. Ba shara ba ne."