Kalangu a Tsakiyar Damina

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Laraba, mun idar da la'asar ke nan. Mu uku ne a zaure: ni, da ƙanena, da maƙwabcinmu mai gyaran moto, wato babur. Ruwa ya ɗauke tun azahar, ƙasa na ta ƙamshi, hatsi a bayan gari ya kai gwiwa. Maƙwabcin ya ciro salula ya ce, "Malam, ga naku an sa." Kafin idona ya ga komai, kunnena ya ji kalangu. Na ce ya rage sautin. Ba ƙarar ce ta dame ni ba. Ni dai tun tasowata ban saba jin kiɗan dambe alhali ciyawa na cikin gona ba.

Wanda ke cikin hoton ɗana ne na fari. Ba zan faɗa maka sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba, ka san kunyar ɗan fari. Dambe shi ne sana'arsa, a ƙetaren iyaka yake yi. Na kalli wasan daki-daki. A turmin farko ya yi ta kewaya abokin karawarsa, ko gefen kunnensa ba a taɓa ba. A na biyu ƙofa ta buɗe masa, ya ɗaga hannun dama, amma ya sauke shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai. A na uku ƙafafunsa suka yi nauyi, aka kai shi ƙasa. Ƙanena ya ce, "Wallahi asiri aka yi wa yaron nan." Maƙwabci ya ce alƙalin wasa ne mugu. Ni kuwa na taɓa ganin irin wannan hannu ina yaro.

Tsohona mahauci ne, ɗan mahauci, kuma ɗan dambe. Ni ban gaji hannun ba. An sa ni lakol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, na koma ɗinki. Amma na tashi a gidan, kuma na san yadda shekararsa take tafiya, don bai taɓa sauya tsarinta ba.

Da farko damina. Washegarin ruwan shuka, da hantsi, zai kwance zaren da yake naɗe hannu da shi, ya wanke, ya shanya bisa danga. In ya bushe ya cusa shi a rufin rumbu. Daga ranar babu mai yi masa zancen dambe a gida. Hauya ce a hannunsa daga safe har rana ta take. Ina tuna ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi, da ƙarar hauya tana yanke ciyawa, da yadda yake tafiya a tsaye daga wannan bakin gona zuwa wancan bai tsaya ba. Da yamma inna ta dafa ruwa da ɗan kanwa, ya tsoma hannun har ruwan ya huce, sannan ta murza masa man shanu gaɓa bayan gaɓa. Har yau in na ji warin man shanu mai ɗumi, tsakar gidanmu nake gani.

Sai kaka. Ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu, ranar ake fito da zare. Makaɗa su zo, a yanka, a ci, su kama hanya tare da shi: ƙauyukan Gazawa, su gangara har wajen Tibiri da Gidan Rumji, su dawo kafin zafi ya yi tsanani. Daga nan kuma sai fawa a kasuwa har hadari ya taso.

Wata shekara ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, wani ɗan dambe ya zo daga kudu da makaɗinsa. Dogo ne, kyakkyawa, sunansa ya riga shi isowa. Suka tsaya a bakin gonarmu aka goce da taken tsohona. Mu yara tsikar jikinmu ta tashi. Shi kuwa ko kai bai ɗaga ba. Da ya kai ƙarshen kuyya, wato layin shuka, ya ce wa makaɗin, "Ka gaida maigidanka. Ka ce in hannunsa na ƙaiƙayi, akwai hauya guda da ta rage." Aka yi dariya, amma daga baya dariyar ta juyo kanmu. A bakin rijiya mata suka riƙa tambayar inna ko mahaucin nata ya koma rago ne. Ta dawo gida tana huci, ya ce mata ta zuba masa fura.

Da kaka baƙon ya dawo, bayan ya shafe daminar yana wasa gari-gari. Sarkin fawa ya sauke shi, aka kira tsohona cin abinci, na bi shi da buta. Aka ajiye tuwo da nama. Baƙon ya duba hagu ya duba dama, sannan ya sa hannun hagu cikin akushi. Tsohona ya kama hannunsa na dama, ya juya shi, ya danna bayan yatsu. Mutumin ya ciji leɓe, gumi ya keto masa. Tsohona ya ce, "Sarki, wannan ba abokin karawata ba ne, baƙona ne." Ba a yi wasan ba. Mutanen da suka zo kallo daga nesa suka tafi suna zagi. Baƙon ya kwana biyu a gidanmu inna na dafa masa ruwa, amma an makara. Bayan shekaru na gan shi a kasuwar Gazawa yana sayar da goro, yana miƙa wa mutane da hagu yana ba su haƙuri.

Da aka yaye ɗana, tsohona ya ɗauke shi, kamar yadda ake yi. A gabansa ya girma, shi ya fara naɗa masa zare. Tsakaninsu babu kunya, wasan jika da kaka ne. Yaron ya ce, "Tsoho, ka ba ni fili, zamaninka ya wuce." Shi kuma ya ce, "Kai ɗan nema, ka ƙwace mini mata, yanzu kuma filina kake so? Ɗauki hauya tukuna." Ya ɗauka kuwa. Duk wanda ya san dambe a yankin nan ya shaida yaron ya fi kakansa ido, ya fi shi sauri. Muddin tsohon na da rai, zare na shiga rufin rumbu da ruwan farko.

Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Ba a jima ba masu shirya dambe suka zo da mota suka tafi da yaron ƙetaren iyaka. Can gidajen dambe ba su san damina ba, ba su san rani ba. Kowane mako akwai wasa, kowane wasa akwai masu ɗauka a salula, wanda ya huta kuwa an manta da shi.

To, bari in jera maka abin da ke kayar da shi, yadda na gani. Na farko, hannun bai warke ba. Ƙashi ne da jijiya, ba taɓarya ba. Yana tsoron zafin da zai ji in dukan ya sauka, shi ya sa yake rage shi tun a sama. Na biyu, ƙafa. Tsohona gona ta ba shi ƙafa. Wannan kuwa daga mota sai moto, sai ɗaki. Na uku na ji shi ne a bakin mutane, ban gani ba: wai yana haɗiyar ƙwayar kashe zafi kafin ya shiga fili. In haka ne, ya toshe bakin mai gaya masa gaskiya. Gyaran ma a jere yake. Ya kwance zare. Ya je likita a ɗauki hoton ƙashin. Ya zauna gida damina guda, ya fara da tafiya gona ko bai riƙe hauya ba, ya ci tuwon uwarsa. In kaka ta yi, hannun da kansa zai gaya masa ko da sauran dambe.

Za ka ce me ya hana ni faɗa masa. Ya zo da babbar salla. Ba ma cin abinci tare, amma na wuce ta ƙofar ɗakin da suke ci da abokansa, na ga ya karkata jiki, ya kai loma da hagu. Da yamma ya zo gaishe ni, ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa. Na tsara maganar nan duka a raina, ɗaya, biyu, uku. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ruwa ya sauka a can?" Ya ce ya sauka. Na ce madalla. Uwarsa ma ba ta iyawa, ita ko kallonsa ba ta cika yi ba. Na aiki ƙanena, yaron ya yi dariya ya ce, "Baba ƙarami, ai kai ko kaza ba ka taɓa kayarwa ba." Ban ce al'adar banza ce ba, haka aka raine ni, kuma ta yi mana amfani. Sai dai da can akwai kaka a gida mai faɗin abin da uba ba ya faɗa. Yanzu ɗakin tsohon buhunan wake ne a ciki. Na gaji da jin kalangu a salular mutane, ina jiran ranar da za a ce mini ya daina tashi da kansa.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai mai karatu, in kana cikin masu zuwa kallon dambe. Za ka gane shi: siriri ne, baƙi, da tabo a girar hagu, in yana tsaye hannun dama na cikin aljihu. Kada ka miƙa masa hannu, zai karɓa don kunya, kuma zai ji zafi. Ka dafa kafaɗarsa ka ja shi gefe. Ka ce masa hatsi ya kai gwiwa, hauya guda ta rage, ya zo gida. In ya tambaye ka wa ya aiko ka, kada ka ambace ni. Ka ce maganar kakansa ce.